Kafin a roƙi sabon inji, a ƙirga sawu



Duk ƙungiyar mata masu man gyaɗa da na zanta da ita a rediyo, idan na ce mi kuke buƙata, amsa guda ce: inji da jari. Ban musa ba, ana buƙatar su. Amma akwai wani ilimi da ya shafi sana'arsu kai tsaye wanda har yanzu bai iso gare su da Hausa ba. A Faransanci da Ingilishi yake kwance, mu da muka yi lakkwal muke karantawa mu yi shiru.

Ilimin daga Japan ya fito, daga kamfanin Toyota, masu yin Hilux ɗin nan da ke keta yashinmu. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, kuɗi babu, har aka rage ma'aikata. Ba su da halin gogayya da Amurka ta wajen manyan injuna. Sai wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya kama wata hanya: maimakon a ƙaro kaya, a nemo inda aiki ke zubewa. Ya lissafa asara iri 7, ciki har da jira, da ɗaukar kaya daga nan zuwa can ba dalili, da yin abin da ba a tambaya ba, da aikin da ya ɓaci sai an sake. Ana ba da labarin yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da mutum a ciki ya ce kalla kawai, har sai ka ga abin da ke cin lokaci. Gyaran kaɗan-kaɗan na kullum shi suke kira kaizen.

To mu shiga gidan mai ƙuli-ƙuli da wannan ido. A ɓare gyaɗa, a tsince, a soya, a murje a sheƙe, a kai niƙa, a dawo a tuƙa da ruwan zafi har mai ya fito, a mulmula tunkuza a soya. A cikin yinin nan, awa nawa hannu ke kan gyaɗa, awa nawa kuma ana zaune bakin inji ana jiran layi? Sau nawa ake aiken yarinya ɗebo ruwa alhali ƙullu na kan hucewa? Idan gida biyar suka je niƙa lokaci guda, huɗu jira suke. Su shirya da mai inji kowa da sa'arta, ko dala ba a kashe ba, an samu lokaci.

Dabarar Ohno da ta fi burge ni ita ce tambayar "don mi" sau biyar. A ce mai ya fito da ƙauri. Don mi? Gyaɗa ta ƙone. Don mi? Mai suya ta tashi daga bakin kasko. Don mi? Icce ya ƙare, ta je ɗauko. Don mi ya ƙare? Ba a tara shi kusa da murhu ba tun da safe. Kun ga inda muka fito: ba wuta ba ce, ba kasko ba ne, wurin ajiye icce ne. Da an tsaya a tambayar farko, faɗa kawai za a yi wa yarinya, gobe kuma a sake.

Sai dai ba komi za mu kwafa ba. Toyota na ƙin tara kaya a sito, sun fi son abu ya iso daidai lokacin da ake buƙatarsa. A nan wanda bai sayi gyaɗa da kaka ba, kowa ya san kuɗin da zai biya da bazara. Su kansu bayan girgizar ƙasar 2011 sun koma ajiye wasu kayan. Buhunku na kaka ku riƙe shi.

Abin ba wasa ba ne ga Maraɗi. Gyaɗa ce ta gina garin, zamanin SICONIGER da SONARA, kafin fari da ciwon gyaɗa na shekarun 1970 su karya cinikin. Yau man da ake shigowa da shi a jarka shi ke gogayya da kwalbar iyayenmu mata, kuma mai saye farashi yake dubawa.

Ina za a koya? Littafin Ohno na 1978 akwai shi da Faransanci, L'esprit Toyota. Mai waya ya rubuta kaizen ko 5S a YouTube, bayani na nan kyauta. RECA na da takardun koyarwa kan noma da sarrafa amfanin gona a shafinta. Habasha ta kai ga buɗe cibiyar kaizen tata a 2011 da taimakon Japan. Ƴan jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ga aikin bincike kusa da ku: littafi, biro da agogon waya, yini guda a gidan mai tuƙa.

Iyaye mata, wadda ta gwada ƙirga jiranta na yini ɗaya, ta aiko da saƙon murya ta faɗa muna awa nawa ta samu da inda suka tafi. Ba sai kin faɗi suna ba, za mu saka a shiri.