Lissafi Kafin Huɗa

Tun da rayuwa ta yi tsanani, musamman bayan janye tallafin man fetur a shekarar 2023, da wuya mu zauna hira a tsakaninmu, malamai da ɗalibai, ba a ji wani ya ce shi kam bana gona zai koma ba. Niyyar mai kyau ce. Sai dai mun lura cewa akasarinmu 'yan boko mukan ɗauki noma a matsayin wata mafaka da ake faɗawa idan albashi ya gaza, alhali kuwa sana'a ce mai cin jari, wadda kan mayar da riba ko ta haɗiye uwar kuɗi ɗungurungum. Mutum zai kwashe kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar ya zuba a ƙasa, ba tare da ya cika ko da shafi guda na takarda da lissafi ba.

Kakanninmu da ba su riƙe alƙalamin boko ba suna da nasu tsarin. Akwai gandu wanda ke ciyar da gida, akwai gayauna wadda mutum kan noma don biyan buƙatar kansa. Maigida ya san dami nawa iyalinsa ke ci daga kaka zuwa kaka, ya san rumbun da ba a buɗewa sai damina ta yi nisa, iri kuwa a keɓe yake tun ranar girbi. Wannan shi ne abin da masana kasuwanci ke kira tsari, illa dai su sun rubuta, shi kuwa ya riƙe a ka.

Tambayar farko da ya kamata sabon manomi ya amsa ita ce: nawa kowane buhu zai tsaya mini? Mu ɗauki masara alal misali. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa a yankin Zariya da makamantansa ita ce kilo 120 na sinadarin naitirojin, da kilo 60 na fosfat, da 60 na fotash a kowace hekta. Idan aka juya wannan zuwa buhunan kilo 50, ya kama buhu 8 na NPK 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Taki kaɗai ke nan. Saura hayar gona, da huɗa, da iri, da noman fari da maimai, da feshi, da girbi, da casa, da buhunan zubawa, da kuɗin mota. Mu ƙaddara duk wannan ya yi daidai da kuɗin buhu 20 a farashin kaka, gonar kuma ta ba da buhu 25. Zakka a noman damina kashi ɗaya ce cikin goma, wato buhu biyu da rabi. Abin da ya rage wa manomi bayan wahalar wata biyar buhu biyu da rabi ne, shi ma idan bai saka ladan guminsa da na 'ya'yansa a lissafi ba. A nan ne da yawanmu ke yaudarar kanmu, domin mukan ɗauka aikin da ba a biya kuɗinsa ba kyauta ne.

Ba taki ne kaɗai ke yanke hukunci ba, lokaci ma yana yi. Kuɗi na fita daga aljihu tun watan Mayu, ba ya dawowa sai Oktoba ko Nuwamba, a daidai lokacin da kowa ya kai kayansa kasuwa farashi ya karye. Wanda ya ci bashi ya yi noma dole ya sayar a kakar, dillali kuwa ya san da haka. Mai hali ya ajiye zuwa bazara, ko da yake ajiyar ma ba tabbas gare ta ba: waɗanda suka tara hatsi a kakar 2024 suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya sauko a 2025, bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci. Ajiya kuma tana da nata kuɗin. Wake ba ya jure wata uku a buhun banza, ƙwari za su huda shi, sai an nemi buhun nan mai ninki uku wanda ba ya shigar da iska.

Mu da ke zaune a kudu muna da wata dama da 'yan'uwanmu na gida ba su da ita, domin muna ganin inda kayan ke ƙarewa. Duk wanda ya taɓa shiga Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan da sassafe, ya ga kwandunan tumatir da suka kwana biyu a hanya suna tsiyaya, ya san cewa kamata ya yi a nemi mai saye kafin a nemi iri. Hatsi na iya jira a Dawanau, tumatir ba ya jiran kowa. Kuma wanda ya zuba dukan jarinsa a kansa a 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano da Kaduna, ya gane hikimar tsohon da ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda.

Batun rancen hukuma kuwa, ba mu ga dalilin gina tsari a kansa ba. Daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, zuwa juyin noma na Shagari a 1980, har zuwa shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, kukan manomi kusan ɗaya ne: taimakon kan zo a makare, ko ya tsaya a hannun wanda bai san hanyar gona ba. In ya samu, madalla. Amma lissafin da ba ya tsayawa sai da shi, gara a rage faɗin gonar zuwa abin da aljihu da adashi za su iya ɗauka, rabin hekta ma ya isa a shekarar farko. A sayi littafi na musamman, a rubuta kowace naira da ta fita da ranar da ta fita, har da tiya biyun da aka ɗiba aka kai gidan suna.