Ɗan Wasan da Ya So Ya Ɓoye Harshensa

A wani ƙauye na ƙasar Kebbe aka haife shi, kuma a nan ne mutane suka fara yi masa dariya irin wadda ɗan wasa yake nema. Idan azumi ya kai kwana goma, yara suka fara tashe, shi ne ake liƙa wa gemun auduga, ya ɗaura tsumma, ya duƙa bisa sanda kamar tsohon da ya ga jiya ya ga yau. Matan gida sukan bar abin da suke yi su zo kallo, su sallame su da gero ko 'yan kuɗi. Babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, domin tashe na yara ne, kuma da an ga watan Salla an rufe babinsa.

Da ya shiga makarantar sakandare a Tambuwal sai ya tarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya kuma tarar da gidajen kallo inda ake nuna finafinan Kano. A nan ne ya gane cewa abin da yake yi don gero wasu sun mayar da shi sana'a. Ya ji labarin yadda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a shekarar 1990, da yadda Rabilu Musa Ibro ya bar aikin gidan yari ya zama mai ba Arewa dariya. Sai ya ƙudurta a ransa cewa shi ma Kano za shi.

Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Ya dai dube shi ya ce, "Kai yaro, wasa aka cewa wasa. Mi za ka ce ma iyayen ɗiyar da ka so, in sun tambayi sana'arka?" Ya amsa da cewa, "Baba, a yi mini addu'a, in ban ga hanya ba ina dawowa." Tambayar tsohon ba ta jahilci ba ce. A ƙasar da ake auna mutum da sana'arsa da ta kakanninsa, mai fitowa gaban jama'a yana ba da dariya ya daɗe ana kallonsa kusa da maroƙi da ɗan kama. Duk wanda zai shiga harkar daga irin wannan gida, mutuncin gidan yake ɗauka ya tafi da shi.

Bayan kaka ya sayar da rabonsa na gero da rago guda, ya hau mota ta Sakkwato da Talata Mafara da Gusau da Funtuwa har birnin Kano. Abin da ya tarar a Titin Gidan Zu, inda ofisoshin masu shirya fim suke, bai yi kama da abin da ya gani a gidan kallo ba. Samari irinsa ne cike da bakin ƙofofi, kowa da ambulan na hotunansa, kowa yana jiran darakta ko furodusa ya fito. A mako na biyu wani mutum mai fara'a ya karɓi kuɗinsa da sunan rajista, ya ce ya dawo ranar Asabar za a tafi lokeshan. Asabar ta zo, mutumin bai zo ba, wayarsa kuma a kashe.

Wannan asara ta yi masa ciwo, amma ba ita ta fi ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne bakinsa. Duk lokacin da ya buɗe baki ya ce "shi na" ko "yat tahi" ko "wanga", sai a kwashe da dariya, a ce Basakkwace ya zo. Ya fahimci cewa a idon masu rarraba matsayi, jarumin da zai yi soyayya a falo da Kananci yake magana, Sakkwatanci kuwa na maigadi ne, ko baƙauyen da ya ɓata a birni. Saboda haka ya shiga gyaran harshe. Yakan zauna da dare yana maimaita "ne" da "ce", yana tilasta wa leɓɓansa su ce "fari" maimakon "hwari". Bayan wata shida ya iya abin daidai gwargwado, sai dai a nan ne ya yi asarar da bai lura da ita ba. A da shi kaɗai ne mai irin muryarsa a cikin masu jira. Yanzu ya zama ɗaya daga cikin ɗari masu kwaikwayon Ali Nuhu, alhali masu fim suna da Ali Nuhu na ainihi. Ya sami fitowa sau uku ko huɗu a matsayin cikon benci, a taron biki ko zaman makoki, ba tare da an ba shi ko jimla ɗaya ya faɗa ba.

Ga shi kuma ya zo a ƙurarren lokaci. Kasuwar faifai da ta riƙe masana'antar daga Ƙofar Wambai ta riga ta fara durƙushewa, domin satar fasaha da tura fim ta waya sun cinye ribar. Waɗanda suka yi suna ma aiki yana yi musu ƙaranci, balle baƙo. Da guzuri ya ƙare, ya cika alkawarin da ya yi wa mahaifinsa.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari mai yawa. Ya shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ya karanta Hausa, ya sami aikin koyarwa a Tambuwal. Amma a kwalejin ne ya haɗu da abin da ya sauya masa tunani. A darasin wasan kwaikwayo, bayan an bi ta kan Uwar Gulma da Jatau na Kyallu, malamin ya tsaya a kan 'yan wasan rediyo da talabijin. Ya nuna cewa Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, kuma Hausar bariki da ya sani ita ya kawo dandali har ta zama tambarinsa. Ya kawo misalin Golobo na Talata Mafara, wanda bai taɓa wanke bakinsa daga Hausar yamma ba, kuma da ita aka san shi har inda ba a yin ta. Dalibin ya yi shiru. Motar da ta kai shi Kano ta ratsa garin Golobo, shi kuwa yana cikinta yana tunanin yadda zai zama wani.

Haƙiƙa tallar kai a wannan sana'a ba ta rabu da tallar kowace haja ba. Mai kayan da ya kasa irin na maƙwabtansa goma a layi ɗaya, sai dai ya karya farashi. Ɗan wasa kuwa ba shi da haja sai jikinsa da muryarsa da abin da idonsa ya gani tun yana yaro. Wannan malami ya san yadda dillalin shanu yake sa hannu cikin riga yana ciniki a kasuwar Tambuwal, ya san zaman fadar hakimi, ya san yadda tsohuwa take yi wa jikanta kirari tana zaginsa. Babu wanda zai koya wa ɗan birni waɗannan a mako guda.

Zamani ma ya zo masa da sauƙi. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta sa wasanni masu dogon zango suka dawo, sannan a 2020 Izzar So da Labarina suka nuna cewa jama'a za su bi shiri mako-mako a YouTube. Ƙofar da a da sai an tsaya a bakinta a Kano, yanzu tana cikin wayar hannu. Ya tara tsofaffin ɗalibansa huɗu, suka fara ɗaukar gajerun wasanni na minti biyar, da Sakkwatanci tsantsa. Ya kafa wa kansa ƙa'idoji: ba ya sakin abin da ba a jin sautinsa sosai, ba ya tsallake ranar da ya saba saki, kuma ba ya yin abin da zai ji kunya a kalla a zauren gidansu. Na ƙarshen nan ya hana shi mabiya da yawa, domin abin ashsha ya fi saurin yawo. Ya kuma ƙi yarda Basakkwacen wasanninsa ya zama wawa kullum. Wani lokaci alƙali ne, wani lokaci uba ne da ɗansa ya ci amanarsa, har mai kallo ya manta da dariya.

Bai zama tauraro ba, kuma bai bar alli ba. Masu shaguna da masu faɗakarwa kan rigakafi da karatun yara mata suna kiransa, suna biya. Sau biyu an kira shi daga Kano, kuma a karo na biyu ya tambayi matsayin da za a ba shi da abin da za a biya kafin ya hau mota. Da daraktan ya ji muryarsa a waya, ya ce, "Malam, don Allah kada ka gyara komai, yadda kake maganar nan muke so."

Da ya je gida Salla, ya tarar ƙanensa ya riga ya nuna wa tsohon wasan alƙalin a waya. Tsohon bai yaba ba, bai kushe ba. Ya dai ce rawanin bai naɗu daidai ba, alƙali ba ya barin jela ta sauka haka, ya aika a ɗauko nasa daga ɗaki.