Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka fili kaɗan in yi wa 'yan'uwana ma'aikata magana a kan ciwon ƙaba, da neman gwanin likitan fiɗa tun da sauran lokaci.

Ƙaba dai hanji ne ke samun kafa inda naman ciki ya yi rauni, ya zurara wajen matsematsi, wani lokaci har cikin maraina. Muddin yana komawa in an kwanta, mutum ya kan ɓoye abinsa saboda kunya. Amma ran da ya shaƙe, ya ƙi komawa, ga zafi ga amai, to, jini ya daina kai masa, cikin 'yan sa'o'i sai ya fara ruɓa. Jiƙo ba ya rufe wannan kafa, sai ɗinki. Tun 1887 wani likitan Italiya, Bassini, ya bayyana hanyar gyaranta, yanzu kuwa har raga ake sawa don ƙarin ƙarfi.

Na ga wannan a wurin masinjan ofishinmu. Shekara da shekaru yana ɗaure abinsa da ƙyalle. Daren da ta shaƙe, muka yi ta yawo da shi, asibiti biyu ba mai fiɗa, sai a na uku Allah ya yi masa gyaɗar dogo.

Haka kuma wanda ya yi haɗarin mota. Maɗori na iya duba ƙashi, amma in saifa ta fashe, jini na zuba a ciki ba a gani, sai mai fiɗa kaɗai.

Saboda haka kowa ya bincika tun yana lafiya. A tambaya: bayan karatun likita, ya ƙware a fiɗa, ya sami shaidar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko ta Nijeriya? Ya saba yin wannan aiki? Asibitin na da mai sa barci, da ajiyar jini, da masu kwana a bakin aiki? In abin ya fi ƙarfinsu, ina za su tura mutum, asibitin koyarwa na Shika, ko na Malam Aminu Kano?

Gwani ba ya fushi da tambaya. Ku malamai da kuka iya karatu, ku karanta wa na gida wannan. Allah ya ba mu lafiya, amin.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.