Ja Da Yalo Ba Maganin Kowace Cuta Ba Ne

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da kusan kowace mace a garin nan na Kaduna take ɓoye da shi cikin kwalla ko ƙarƙashin matashi, watau kafson nan da muke kira ja da yalo, shi da 'yan'uwansa. Daga Kawo har Unguwar Rimi al'adar ɗaya ce. Yaro ya yi zawo, kafso. Mura ta kama maigida, kafso. Wasu ma fasa shi su kan yi, su barbaɗa garin a kan gyambo.

Da fari ki sani, ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda likitoci ke kira bakteriya, su ne masu kawo taifot, da kwalara, da tarin fuka, da mashaƙo, da yawancin ciwon mafitsara. Su kaɗai magungunan nan suke kashewa. Amma mura da ƙyanda da mafi yawan zawon yara, wani halitta ne dabam mai suna bairas ke kawo su, kafso kuwa ba ya ko ganinsa. Zazzaɓin cizon sauro shi ma maganinsa dabam. To, yaron da ke zawo, abin da ke neman ransa ƙarewar ruwan jiki ne. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink ya ke bukata, ba Flagyl ba, sai fa in likita ya ga dalili, kamar bayan gida mai jini.

Magungunan kansu zuriya zuriya ne, kamar gidaje a unguwa, kowane gida da sana'arsa. Babban gida shi ne na fenisilin. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Fleming, ya gano shi a London cikin 1928, sa'ad da ya ga fumfuna ta hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kan faranti. Sai wajen 1941 aka fara yi wa mutane magani da shi a Oxford. Amoksisilin da Ampiclox da Augmentin duk 'ya'yan gidan nan ne. Aikinsu hana ƙwayar cuta gina katangar da ke kewaye da ita, sai ta fashe. Jikinmu ba shi da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ba ya taɓa mu. Amma akwai mutanen da jininsu bai karɓe shi ba. In kin ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ki tsaya nan, a tafi asibiti. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ɗigon Ampiclox da ake ɗura wa jariri lafiyayye tun kafin suna, wai don kada ya kamu da wani abu. Wane laifi ya yi?

Ja da yalo kuwa sunansa na gaskiya tetarasaikilin, gidansa dabam. Shi hana ƙwayar cuta sarrafa abin gina jikinta ya ke yi. Halinsa shi ne manne wa sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Saboda haka ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, don haƙoransa na girma za su iya fitowa da launin ƙasa-ƙasa, wanda aswaki ba ya fitarwa har abada. Mu malaman makaranta mu kan ga yarinya kyakkyawa tana rufe baki in za ta yi dariya, ba ta ko son a tashe ta karatu gaban aji. Kuma in babba ya sha shi tare da fura da nono, ko da maganin ƙarin jini, su kan riƙe shi a ciki, ya fita bai yi aikin kirki ba. An yi asarar kuɗi ke nan.

Allurar jentamaisin tana da ƙarfi ƙwarai, tana ceton jarirai a asibiti, amma in ta wuce awo ta kan taɓa ƙoda, ta kan kuma kashe ji, jin kuwa ba ya dawowa. Wannan ba allurar da za a yi a bayan kanta ba ce. Sifro kuma ya zama abokin kalmar nan ta “taifot da maleriya” da mu kan ji duk sa'ad da jiki ya yi zafi. Gwajin Widal da ake dogara da shi ba ya tabbatar da taifot shi kaɗai, ya kan nuna akwai alhali babu.

Wata maƙwabciyata ta yi watanni tana fama da abin da mu mata muke kira sanyi. Duk wadda ta zo barka ko sannu sai ta bar mata sunan wani kafso, ita kuwa ta saya, ƙaiƙayi sai ƙaruwa. Da aka auna, ashe ba bakteriya ba ce, irin fumfuna ce, magungunan ne ma suka share ƙwayoyin kirki masu tsare jikin, suka ba ta fili. Ƙwaya kaɗan ta daban ta raba ta da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ƙwayoyin da suka sha magani ba su mutu ba su ne ke hayayyafa, 'ya'yansu kuma su taso ba sa jin maganin. Fleming kansa ya yi gargaɗin haka cikin 1945, lokacin da ya karɓi lambar Nobel. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya cikin 2019 saboda cutar da ta daina jin magani, yankinmu na Afirka ta Yamma kuwa shi ne abin ya fi tsananta a kansa.

To, yaya ake sanin wanda ya dace? A manyan asibitoci, kamar na koyarwa na Barau Dikko, akwai ɗakin gwaji inda ake karɓar fitsari ko jini ko majina, a shuka a kan faranti, ƙwayar ta tsiro, sa'an nan a jera mata magunguna a ga wanda ke hana ta motsi. Ya kan ɗauki kwana 2 ko 3, na jini ya kan fi haka. Na san kwana uku da yawa ne ga uwar da ɗanta ke kwance, amma likita ba ya zama jira, ya kan fara da wanda ya fi zato, sakamako ya zo ya gyara. Abin da ke ɓata gwajin shi ne kafson da aka riga aka sha a gida. Don haka in za ki tafi, ki ɗauki kwalin abin da kika ba yaron, ki nuna wa likita, ki faɗa masa kwana nawa aka yi ana sha, kuma sau nawa a yini.