Daga Legas zuwa Keta: inda teku ke cin gari

Mu da muka tashi a Arewa, ƙasar da muka san ana cinyewa ita ce wadda hamada ko zaizaya ta ci. Teku kuwa a wurinmu abin kallo ce, wurin da ake zuwa ɗaukar hoto in an sauka Legas. Da wannan tunanin na shiga mota zuwa Gana ta hanyar gaɓa, ban kuwa dawo da shi ba.

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin iyakoki ba. Wanda ya taɓa ƙetare Seme ya san yadda ake tsayuwa, a buga hatimi, a sake tsayuwa. Mun wuce Kwatano da Wida, muka shiga Togo ta garin Aneho. Daga nan hanya ta riƙa matsowa kusa da ruwa, itatuwan kwakwa jere a hagunmu, masunta sun yi layi biyu suna jan taru da igiya suna waƙa. Wani ɗan Togo da ke zaune kusa da ni ya nuna mini cikin ruwa, ya ce tsohuwar hanyar mota tana can ƙarƙashi, wannan da muke kai matsar da ita aka yi. Na ɗauka zuƙi-ta-malle ce irin ta matafiya, sai da na fara ganin katangun gidaje a karye, rabi a tudu rabi a ruwa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da muka wuce tashar jiragen ruwa ta Lome sai lamarin ya juye. Rairayi ya shimfiɗu fetal, har matasa na buga ƙwallo a filaye da dama tsakanin titi da bakin ruwa. Teku ɗaya, gari ɗaya, amma gabashin tashar na ramewa, yammacinta na ƙiba. Dalilin ba boyayye ba ne ga masana. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, ba dare ba rana. Duk abin da aka gina ya tsoma ƙafa cikin teku, sai ya tare yashin a gefensa na yamma, na gabas kuma ruwa ya ci gaba da kwasa ba mai mayarwa. An buɗe tashar Lome a 1968, tun daga lokacin ƙauyukan gabashinta ke biyan kuɗin.

Daga Lome zuwa Aflao, garin farko a Gana, tafiyar ƙafa ce. Na kwana, da safe na sha koko da ƙosai a wurin wata mata da ta amsa mini gaisuwa da Hausa, irin Hausar Gana wadda ba ruwanta da bambance namiji da mace. Sannan na hau ƙaramar bas zuwa Keta.

Keta garin mutanen Anlo ne, wani reshe na ƙabilar Ewe, kuma yana zaune a kan wani siririn zirin yashi. Teku a hagu, tafkin Keta, mafi girma a irinsa a Gana, a dama. A wajen Kedzi zirin ya tsuke har mutum na iya tsayawa bisa titi ya ga ruwan biyu da juyawar wuya kawai. Gari ne da ya yi zamani. A da babbar tashar ciniki ce, jiragen Turawa na tsayawa, kamfanoni na da kantuna da rumbuna. Turawan Danmak sun gina sansaninsu na Prinzenstein a nan a 1784, suka tsare bayi a ciki, suka sayar wa Ingila shi tare da sauran sansanoninsu a 1850. Daga baya Ingila ta girke dakarunta da ake kira Hausawa a garin, kuma ta wannan hanya da ta fatauci mutanenmu suka sami wurin zama.

Na shiga sansanin, ko in ce abin da ya rage daga gare shi, domin teku ta rushe babban ɓangarensa a 1980. Ɗakunan da aka tsare bayi suna nan, duhu da ɗanshi, iskar gishiri ta cinye ƙarafa. Mai yi wa baƙi jagora ya yi bayaninsa, na saurara da nauyin zuciya, musamman da na tuna cewa wasu daga cikin waɗanda aka kwantar a wurin daga kasuwannin arewa aka gangaro da su. Amma in faɗi gaskiya, abin da ya fi tsaya mini a rai a waje na same shi.

Bayan sallar Azahar na zauna da wani dattijo, jikan mutanen zango, a inuwar wani kwalekwale da aka kifa. Na tambaye shi ina tsohon garin yake. Ya ɗaga sandarsa ya nuna inda raƙuman ruwa ke fashewa, can nesa da mu. Ya ce, "Ɗana, gidan da aka haife ni yana can. Kasuwa ma can ne." Na ce, "Baba, maƙabarta fa?" Bai amsa ba, sandar kawai ya sake ɗagawa.

Da na ce masa ikon Allah ke nan, sai ya dube ni ya ce ikon Allah ne, amma ai akwai hannun mutum. Ya yi gaskiya. Kogin Volta, wanda ke shiga teku yamma da Keta, shi ne ke kawo yawancin yashin da ke ciyar da wannan gaɓa. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin ya riƙa kwanciya a bayan madatsar, teku kuwa ba ta daina ɗiba ba. Zaizayar ta girmi madatsar, wannan haka yake, amma bayanta ta ƙara gudu. Ga kuma masu ɗibar yashin gaɓa don yin bulo, ga hauhawar ruwan teku da ɗumamar duniya ke jawowa. Wutar Akosombo ta haska birane, ta juya masana'antar alminiyam a Tema, har Togo da Binin an sayar wa. Ba na cewa kada a gina madatsa. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da ake lissafin riba ba a sa gidan wannan dattijo cikin lissafin ba. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru, waɗanda ruwansu ya ragu bayan gina Tiga da Challawa, ba sa bukatar a fassara musu wannan magana.

Gwamnatin Gana ta yi aiki a Keta a farkon shekarun 2000. An jibge manyan duwatsu a gaɓa, an miƙa wasu cikin ruwa kamar yatsun hannu don su kama yashi, an cike wani sashe aka sake gina gidaje. Aikin ya ceci abin da ya rage na garin, ba mai musun haka. Sai dai yashin da yatsun suka kama shi ne wanda ya kamata ya wuce gabas. Don haka ciwon ya koma ƙauyukan da na ratsa da safe ban kula ba, su Agavedzi da Salakope da Adina. A watan Nuwamban 2021 ruwa ya afka wa wannan yanki cikin dare, dubban mutane suka rasa matsuguni. Kowa ya kare gabansa, maƙwabcinsa na gabas ya karɓi duka. Sai na tuna da katangar duwatsun da aka yi wa Eko Atlantic a Legas, da koke-koken mazauna gaɓar da ke gabashinta.

Da La'asar na kama hanyar komawa, wannan karon na zaɓi kujerar da ke kallon teku. A Agavedzi motar ta tsaya ɗaukar wata mata da kwandon ƙyafaffen kifi. Bayan titi akwai wani gida da yashi ya cika ɗakunansa har zuwa taga, rufin ya tafi. A jikin bangon da ya rage wani ya ɗaura igiya, ya shanya kayan makarantar yara.