Kusheyi a tsakiyar gero

Ɗalibin ya taso daga Maraɗi cikin damina don ya ga Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina. Sunan ne ya fara jan hankalinsa: "kusheyi" jam'in "kushewa" ne, kalmar da "kabari" ta Larabci ta kusa turewa daga bakin matasa. Durɓi kuwa sarauta ce da aka sani a fadar Maraɗi, shi ya sa yake ganin kakanninsa zai ziyarta.

Sai ya iske gero ya kewaye tudun da ya nufa. Dattijo mai gonar ya tare shi: "Samari, ta ina za ka bi? Ta cikin shukata?"

Ya so ya ce tarihi na kowa ne, ai har Bature Palmer ya haƙa wurin a 1907. Da ya dubi karan da baƙi suka tattake, sai ya haɗiye maganar. Gaskiyarsa ba ta cika wa dattijon rumbu.

"Baba, yaushe zan dawo?"

"Bayan kaka. Ni da kaina zan raka ka."

Kuɗin mota dai ya riga ya tafi. Ya tsaya a bakin gona yana hangen tudun.