Fadiyut: Tsibirin Ɓawon Ƙumba

Uwargida, in Allah Ya kai ki Senegal, ki daure ki leƙa Fadiyut, kudu da Dakar. Daga garin Jowal, mahaifar Shugaba Senghor a 1906, gadar katako za ki taka ki shiga, don mota ba ta zuwa.

Ƙasar tsibirin ɗungurungum ɓawon ƙumbar teku ce, wadda kakannin Sererawa suka ci suka tara shekara da shekaru. Kina tafiya tana ƙaras-ƙaras! Har maƙabartarsu ɓawo ce, kuma Musulmi da Kirista wuri guda suke kwance a gindin kukoki.

Tsarabarki ɓawo masu zurfi. Ki wanke su tas su bushe, ki narka kyandir a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, kada ki ɗora shi kai tsaye bisa wuta, yana kamawa. Ki kafa lagwani a tsakiya, ki zuba, ki bari ya daskare. Daren da aka ɗauke wuta, ki jera su a faranti, nesa da labule da hannun yara. Maigida da kansa zai tambayi labarin.